Seu Aldenor da Ƙarfen Ƙarƙashin Sitiyari

Kafin rana ta gama fitowa daga teku, Seu Aldenor ya riga ya ja ƙofar kwanon garejinsa da ke bayan unguwar Redinha, ya tokare ta da tsohuwar taya. Sai ya ɗora ruwan kofi, ya kunna rediyo ya rage murya har ba a jin abin da ake faɗi, ya ɗauki tsintsiya ya shiga share farar ƙurar faiba da ta kwana a ƙasa. Ƙurar nan tana cikin girarsa, tana cikin ɗinkin wandonsa, ita ta sa duk wanda ya san shi ya san shi yana susar hannu. In ya gama sai ya jawo kujera bakin ƙofa, ya yanka burodi, ya sha kofinsa shi kaɗai. Motocin bugi, ƙananan motocin yawon yashi, na wucewa ɗaya bayan ɗaya, za su ɗauko baƙi daga otal-otal ɗin birnin Natal su kai su tuddan yashi. Direbobi kan danna masa oda, wasu su ɗaga hannu. Ba kasafai yake ganin gaisuwar ba, don shi ba fuskar mutum yake kallo ba, sitiyarin da ke hannunsa yake kallo.

Haka muka tashi muka same shi, haka ya yi furfura a gabanmu. Yanzu da ya rufe garejin, ya kamata wani ya buɗe baki ya faɗi abin da ya yi mana, tunda shi dai ko za a shekara ana tambayarsa ba zai faɗa ba.

Duk ɗan bakin tekun nan ya san yadda ake haɗa bugi. Mutum ya sayi tsohuwar motar Bitul da ta gaji da duniya, ya yar da bodinta, ya bar shasi da inji. Ya je wajen masu zubin faiba ya sayo sabon bodi mai sheƙi, ya ɗauko shi a kan akori-kura, ya harhaɗa abinsa a tsakar gida, surukai na kama masa suna ba shi shawarar da bai nema ba. Bodin faiba ba ya tsatsa, shi ya sa muke sonsa a wurin da iskar gishiri ke cin har ƙusar taga. Amma faiba ba ƙarfe ba ce. Ta fi kama da ƙwarya, ga tauri ga kyau, sai dai ranar da za ta tsage ba ta yin sallama.

Bugi kuma ba ta da ƙofa. Direba sai ya ɗaga ƙafa ya ƙetare gefe, ya kama sitiyari ya sauke jikinsa kan kujera. In zai fita, ya sake kama shi ya ɗago kansa. Haka nan duk wuni, a kowace tsayawa. In mota ta sa kai ƙasa daga ƙolin tudu kuwa, nauyin mutum gaba ɗaya kan sitiyarin nan yake komawa. Duk da haka, yawancinmu yadda muke ɗaure sandar sitiyari shi ne mu huda faibar da ke ƙarƙashin gilashin gaba, mu zura noti biyu mu matse. Don kada mota ta yi muni, sai mu shafe kan notin da danƙon faiba, mu goge ya yi sumul. Ido ya huta. Gishiri kuwa ya samu ɗaki mai duhu, ya zauna yana cin notin daga ciki, faibar tana tsagewa kaɗan-kaɗan inda ba mai gani.

Seu Aldenor bai taɓa yarda da wannan ba. Shi sai ya yanko ƙarfe mai kauri, ya gitta shi daga gefe zuwa gefe a ƙarƙashin gilashin, ya yi masa ƙafafu su sauka har kan shasi, ya yi walda. A jikin wannan ƙarfen yake ɗaure sandar sitiyari, faiba ta zama riga kawai. Kawunan noti kuma a buɗe yake barinsu, ya lafta musu giris, don in tsatsa ta zo a gan ta. Aikin ba shi da kyawun gani, gaskiya ce. Mai dogayen ƙafafu ma sai ya riƙa buga gwiwa.

Ubirajara, ƙaton direban nan da muke kira Bira, shi ya fi kowa ƙorafi. Ranar da ya zo ɗaukar motarsa, ya leƙa ƙarƙashi ya dafe kai.

"Seu Aldenor, wannan gadar da ka gina mini a mota, jirgin ƙasa ne zai bi ta kai?"

"Kai ne za ka bi, ai ka fi jirgin nauyi."

"Haba tsoho! Yanzu in 'yan mata suka leƙa su ga wannan baƙin giris, ina zan sa fuskata?"

"Duk wadda ta ga fuskarka ta shiga motar, giris ba zai kore ta ba. Kama ka ja."

Wannan ita ce dokarsa. Mota ba ta fita daga garejinsa sai mai ita ya kama sitiyari da hannu biyu ya rataya da duk ƙarfinsa, shi kuma yana durƙushe yana kallon notin. Bira ya ja har ya yi nishi, abu ko gezau.

Ba a daɗe ba Bira ya ɗauko wasu baƙi, mata da miji da 'ya'yansu. A ƙolin tudun Genipabu ya yi musu tambayar da kowane direba ke yi: "Da tsoro kuke so, ko ba tsoro?" Suka ce da tsoro. Ya saki mota ta gangaro, ashe iska ta binne kututturen kwakwa a gindin tudun. Tayar gaba ta dake shi, bodin ya tsage tun daga fitila har gilashi, Bira ya faɗa kan sitiyari da ƙirji. Sitiyarin bai bar wurinsa ba. Ya karya kan motar ya kauce wa ramin da ke gefe, ya tsaya. Masu raƙuman yawo da ke wurin sun gani da idonsu. Baƙin suka sauka suna tafi, su a zatonsu cikin wasan ne. Washegari Bira ya ja motar zuwa gareji don a liƙe bodi, abin da kawai ya ce shi ne ƙarfen nan ya kusa fasa masa gwiwa. Seu Aldenor ya ba shi kujera ya zauna, ya ɗauko danƙo ya fara aiki.

Matsalar sana'arsa ke nan. Wanda ya ciro mutum daga ruwa ana ɗaukar hotonsa. Wanda ya hana hatsari faruwa kuwa ba shi da abin nunawa, domin ba abin da ya faru. Baƙo ya koma garinsu yana yabon direba, direba yana yabon hannunsa, tsoho kuma yana gareji yana tari.

Kai ne, Seu Aldenor, wanda muke tunawa da shi sai mota ta fara rawa. Kai ne wanda muke ƙetare titi in muka hango ka a mafitar kogi, don mun san hannunka ba ya wuce sitiyari bai girgiza shi ba. Mun kira ka mai tsanani, mun kira ka ɗan neman aibu. A bikin aurenmu mun manta da kai, a bikin sunan 'ya'yanmu a coci mun manta da kai, alhali da yawanmu ba za mu kai ranar ba in ba don baƙin ƙarfenka ba. Abin kunya ne, kuma da ciwo.

Wannan hannun nasa da ba ya wuce sitiyari, shi ya raba shi da ɗansa. Ɗa ɗaya gare shi, Josenildo, muna ce masa Nildo. Da ya isa tuƙi, ya so ya nuna wa duniya shi ma ya iya, sai ya haɗa bugi ɗinsa a gidan abokinsa, bai kai wa mahaifinsa ba. A makon farko na fitarsa, yana layi a mafitar Barra do Rio, inda ake ɗora motoci a kan fale-falen katako a tura su da gora zuwa ƙetaren kogi. Motarsa cike da baƙi, direbobi jingim suna jiran layi. Seu Aldenor ya zo sayen kifi, ya biyo ta gefen motar, hannu ya yi halinsa. Ya kama sitiyarin ya girgiza sau ɗaya, sai aka ji ƙas! Faiba ta tsage, sandar ta sauko kan cinyar Nildo.

"Sauke mutanen nan," in ji tsohon.

Nildo ya dube shi, idonsa ya yi ja. "Baba, ba za ka iya bari sai mun koma gida ba?"

"Gida yana bayanka. Tudu ne a gabanka. Sauke su."

Ya sauke su, wani direba ya kwashe. Mutanenmu kuwa ba su da tausayi in suka samu abin dariya. Tun ranar aka laƙaba masa Sitiyari-a-Cinya, yara ma suka ɗauka. Nildo ya kwashe kayansa ya koma ƙetaren kogi wajen dangin matarsa, ya shiga tuƙa motar wani. Da mahaifiyarsa, Dona Marluce, na da rai, ita ce ke kai kawo tsakaninsu, ta kai wa wannan dafaffiyar doya ta ce wancan ne ya aiko, ta dawo ta yi wa wancan irin wannan ƙaryar. Da ta rasu, sai hanyar ta toshe. A maƙabarta uba ya tsaya a wannan gefen kabari, ɗa a wancan, kowa ya yi kukansa ya tafi. Jikokinsa ma daga nesa ya san su. Wani ya taɓa tambayarsa ko ya yi nadama. Ya ce ya yi nadamar wurin da ya yi abin, amma bai yi nadamar girgizawar ba.

A bana ƙirjinsa ya ƙi. Likita ya ce ƙurar faiba da warin danƙo sun gama cin rabonsu, in yana son sauran numfashinsa sai ya bar su. 'Yar'uwarsa da ke Caicó, can cikin ƙasa inda ba teku ba bugi, ta ce ya taho ga ɗaki. Ya amsa, ya fara raba kayan aikinsa. Ana cikin haka Nildo ya fito da sabuwar bugi tasa ta kansa, koriya shar, wadda ya sake haɗawa da hannunsa.

Dona Zuleide, mai soya ƙananan kifi da wainar rogo a mafita, ita ta ga abin da ya faru. Ta ce tsohon yana zaune a bencinta da rana sai ga koriyar motar ta shigo layi. Nildo ya sauka ya sayi ruwa, ya koma ya kama sitiyari zai shiga. Sitiyarin ya ɗan sunkuya, kaɗan ƙwarai, yadda ba mai lura sai wanda ya ƙare rayuwarsa yana kallon abin. Seu Aldenor ya miƙe zumbur, ya yi taku biyu, sai ya tsaya. Ya cusa hannuwansa cikin aljihu ya dawo ya zauna. Kifin da ta zuba masa har ya huce bai taɓa ba.

"Ka gani, ko?" in ji ta.

"Na gani, Zuleide."

"To je ka faɗa masa mana! Bakinka ciwo yake?"

"In na sake taɓa motarsa a gaban mutane, ko gawata ba zai zo gani ba. In ban taɓa ba kuma, ni zan je ganin tasa."

Tafiyarsa saura 'yan kwanaki. Ya koma gareji, ya ciro injin waldar da ya riga ya yi wa wani alkawari, ya yanka ƙarfe. Bai auna motar ba, amma ya san zubin irin wannan bodin kamar tafin hannunsa. Ya haɗa ƙarfen, ya huda, ya shafa masa fenti, yana yi yana tsayawa ya yi tari. Ya saɓo shi ya kawo rumfar Dona Zuleide ya jingine a jikin turke. Ta ce wane saƙo za ta faɗa. Ya ce babu saƙo, wanda ya san abin zai gane.

Ƙarfen nan ya kwana ya wuni a rumfa. Wani ya rataya hularsa a kai, wani ya ɗaure karensa. Nildo yana zuwa cin abinci kullum, yana zama ya ba ƙarfen baya. Seu Aldenor kuma kowace yamma sai ya aiko a duba ko an ɗauka, a ce masa yana nan. Ranar Juma'a haƙurin Dona Zuleide ya ƙare. Ta dangwarar wa Nildo da faranti a gaba.

"Nildo, ɗauke mini wannan tarkacen, ya tare mini hanya."

"Ba nawa ba ne, Dona Zuleide."

"Nawa ne, to? Ka ga ina tuƙa kaskon suya a kan tudu? Tun kana tsirara nake share maka hanci, kada ka raina mini hankali. Lahadi zai tafi. In ya tafi, duk bakin tekun nan ba mai yi maka irinsa."

"Ya riga ya mai da ni abin dariya sau ɗaya."

"An yi maka dariya kana ji da kunnenka. Da bai taɓa ba, kuka za a yi, kai kuma ba za ka ji ba. Ci abincinka."

Ya ja farantin ya fara ci. Da ta juya ta kwashe kifi daga mai, ta waigo, ba shi ba ƙarfen.

Asabar da la'asar koriyar bugi ta tsaya a ƙofar gareji. Wurin ya zama fanko, sai 'yan sufanu da injin walda. Nildo ya sauko da ƙarfen a hannu, bai shiga ba, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ƙarfen bai shiga ba," in ji shi. "Ya yi tsawo."

Seu Aldenor ya karɓa ya gwada. Gaskiya ne, masu zubi sun sauya bodin, sun ɗan tsuke shi, idon tsoho kuma ya yi kuskure da faɗin yatsa. Ya ce, "Laifina ne." Nildo ya ɗago kai, don bai taɓa jin wannan kalmar daga bakinsa ba. Tsohon ya rage ƙarfen, ya sake walda. Da suka fasa danƙon da Nildo ya shafe notinsa da shi, sai ga tsaga ta zagaye hudar kamar gizo-gizo ya yi saƙa. Dukansu suka gani.

Matse notin sai mutum biyu. Ɗaya ya kwanta a cikin mota ƙarƙashin sitiyari, ɗaya ya buɗe gaba ya zura hannu ya riƙe daga waje, bangon faiba a tsakaninsu, ba mai ganin wani. Uban ya kwanta ciki, ɗan ya tsaya waje.

"Ka riƙe?"

"Na riƙe, Baba."

"Kada ka saki."

"Ban saki ba."

Sufana ta yi ta ƙara. Can tsohon ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko babbar jikarsa ta shiga makaranta. Aka amsa daga bayan bango cewa ta shiga, ƙaramin ma ya fara tafiya, kuma ya ɗauko goshin kakarsa. Sufanar ta ɗan yi shiru, sannan ta ci gaba. Iyakar hirar da suka yi ke nan bayan duk shekarun nan, kuma ta cikin bango suka yi ta.

Da aka gama, Seu Aldenor ya fito da ƙyar yana haki. Ya kama sitiyarin ya gwada ja, amma ciwo ya ramar da shi, nauyinsa bai isa gwaji ba. Ya matsa gefe ya durƙusa. Nildo ya kama da hannu biyu ya rataya, ya girgiza har motar ta yi lilo a kan tayoyinta. Noti bai motsa ba. Tsohon ya lakato giris da yatsa ya shafe kawunan, ya ce a bar su a buɗe.

Nildo ya shiga mota ya tayar. Ya daɗe yana kallon gabansa.

"Yaushe motarku za ta tashi?"

"Gobe da safe."

"Ina da baƙi da safe."

"To je ka kai su."

Ba su rungumi juna ba. Da ina so in ƙawata labari da na ce sun yi, amma ba su yi ba. Da safe Dona Zuleide ce kaɗai ta raka shi tasha, ta riƙe masa jaka, ta cusa masa wainar rogo a leda. Ta yi ta waige ko za ta hango koriyar mota, har aka fara kiran fasinja. Ranta ya ɓaci, ta ce, "Ka ga ɗan banzan nan bai zo ba."

"Yana kan tudu," in ji shi. "Ƙyale shi. Abin da yake riƙe da shi ba zai sake shi ba."

Ya hau mota ya zauna gefen taga shi kaɗai. Yau yana Caicó. An ce yakan zauna a ƙofar gidan 'yar'uwarsa yana kallon babura, ba wanda ya san ko shi wane ne, ba kuma mai tambaya.

Ku masu haɗa bugi a tsakar gida, ku durƙusa ku leƙa ƙarƙashin gilashinku. In kun ga sumul, ku fasa ku duba. Ku ɗaure a jikin ƙarfe, ku bar noti a buɗe, ku jure muni da buga gwiwa. In kuma kun ga na wani yana rawa, ku faɗa masa ko da zai daina gaishe ku, sai dai ku ja shi gefe tukuna. Wanda kuma ya san akwai baƙin ƙarfen tsohon nan a motarsa, Caicó ba ƙarshen duniya ba ce, mota na zuwa kullum.

Mun gode, Seu Aldenor, kuma mun makara da godiyar. Allah ya sassauta maka ƙirjin nan, ya ba ka abokin hira. Ɗanka bai raka ka tasha ba, mun sani, kuma mun san ya yi maka ciwo ko da ka ɓoye. Amma kowace yamma yana ƙetare kogi, ya sauka daga motarsa da ƙafafunsa, 'ya'yansa su rugo su tarye shi. Abin da ka nema ke nan tun farko, kai kaɗai ka biya shi, ka kuwa samu.